Tafarnuwa: Ki San Amfaninta, Ki San Iyakarta, Ki Shuka Abarki

   

Hirar tamu ta yau a kan tafarnuwa ce, wadda da wuya a shiga madafin mace a rasa ta. Na lura mu mata mun rabu gida biyu a kanta. Akwai waɗanda ko a miya ba sa son ganinta saboda wari, akwai kuma waɗanda suka ɗauke ta maganin kowace cuta, daga ciwon kai har zuwa ciwon daji, musamman yanzu da kowace safiya sai an turo miki saƙo a WhatsApp ana lissafa cututtukan da take kashewa. Ni dai a ganina duka ɓangarorin biyu suna asara. Ta farko ta bar alherin da Allah ya ajiye mata a araha, ta biyu kuma tana iya jefa kanta ko ɗanta cikin haɗari da kyakkyawar niyya. Shi ya sa nake so mu zauna mu tantance abin da tafarnuwa take yi da wanda ba ta yi, sannan in nuna miki yadda za ki shuka taki a tsakar gida, ko da kuwa gidan haya kike.

Tsohuwar abokiyar zama

Asalin tafarnuwa daga tsakiyar nahiyar Asiya ne, kuma mutane sun shafe dubban shekaru suna noma ta. Tsofaffin rubuce-rubucen likitancin Masar sun ambace ta, har ma an sami dunƙulenta a kabarin Fir'auna Tutankamun da aka gano a 1922. A Suratul Baƙara aya ta 61, inda Bani Isra'ila suka nemi a fitar musu da tsirran ƙasa, akwai kalmar da malaman tafsiri da dama suka fassara da tafarnuwa, wasu kuma suka ce alkama ake nufi. A yau ƙasar Sin ce ke noma mafi yawan tafarnuwar duniya, fiye da kashi biyu cikin uku, kuma daga can ake shigo da manyan fararen nan da kike gani a kasuwa. Tamu ta gida, mai ƙananan ƙwayoyi da ƙarfin ƙamshi, manoman rani ne ke samar da ita, musamman a jihar Sakkwato wajen Wurno da Goronyo, da kuma lambunan duwatsun Azbin a yankin Agadas ta Jamhuriyar Nijar.

Kakata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa daka yajin jego babu tafarnuwa ba. Takan haɗa ta da citta da masoro da kanumfari da kimba, kuma duk wadda ta haihu a gidanmu da wannan yajin take shan kunu da farfesu. Ba ta san sunan wani sinadari ba, amma akwai wata al'ada tata da ilimin zamani ya zo ya gaskata. In ta daka tafarnuwa ba ta zuba ta a tukunya nan take, sai ta bar ta a turmi ta je ta gyara wuta ko ta tankaɗe gari tukuna.

Ga dalilin. Ƙwayar tafarnuwa da ba a taɓa ba, ba ta da wani wari sosai. A cikinta akwai sinadarai biyu da ke zaune a rabe, sai an daka ko an yanka ko an tauna sannan suke haɗuwa su haifar da wani sabon sinadari mai suna alisin. Wani masani ɗan Amurka, Chester Cavallito, da abokin aikinsa ne suka fara ware shi a 1944, suka kuma nuna yana kashe ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji. Shi ne mai warin, shi ne mai yajin, kuma yawancin amfanin da ake dangantawa da tafarnuwa daga gare shi yake. To amma zafin wuta yana kashe abin da ke haɗa shi. In kika jefa ƙwaya guda cikin tafasasshen mai ko miya, kin sami ɗanɗano amma alisin bai samu ya fito ba. Saboda haka ki daka, ki bar ta kamar minti goma ta sha iska, sannan ki zuba ta a ƙarshen girki, lokacin da miya ta kusa sauka.

Abin da take yi

Babban abin da bincike ya fi ƙarfafawa shi ne hawan jini. Da aka tattara gwaje-gwaje da dama, an ga tana ɗan sauke jinin masu hawan jini. Ki riƙe kalmar nan "ɗan" da kyau. Saukin da take kawowa kaɗan ne, kuma yawancin gwaje-gwajen da ƙwayoyin tafarnuwa na kamfani aka yi su, waɗanda aka auna, aka sha kullum har tsawon watanni. Wani amfanin da ni na fi gani a madafina shi ne, miyar da ta ji tafarnuwa da citta da daddawa ba ta neman gishiri da dunƙulen magi da yawa, kuma rage gishiri shi kansa babban taimako ne ga mai hawan jini.

Game da kitsen cikin jini kuwa, sakamakon ya rabu. Wasu gwaje-gwaje sun ga raguwa kaɗan, amma wani da aka yi a Jami'ar Stanford ta Amurka, aka buga a 2007, inda mutane 192 suka yi wata shida wasu na cin ɗanyarta wasu na shan ƙwayoyinta, bai ga ta rage mugun kitsen ba. Mura ma haka. Akwai wani gwaji da aka yi a Ingila da mutane 146 na tsawon mako 12, waɗanda suka sha tafarnuwa suka fi sauran ƙarancin kamuwa, sai dai gwaji ɗaya bai isa a yanke hukunci ba. Ni dai da sanyi ya shigo nakan ƙara ta a farfesu da miyar kuka, domin ko ba komai romo mai zafi da yaji yana buɗe hanci, yana sa mara lafiya ya ji sha'awar abinci.

Ga albishir ga mai shayarwa. Ana yawan cewa warin tafarnuwa yana sa jariri ya ƙi nono. Gaskiya ne ƙamshinta yana shiga nono, amma wani bincike da aka buga a Amurka a 1991 ya nuna jariran sun ma fi daɗewa suna tsotso a lokacin. Saboda haka maijego ta ci yajinta hankali kwance. Mai ciki ma gwargwadon da ake sa wa a abinci ba ya cutar da ita. Ga babba lafiyayye, ƙwaya ɗaya ko biyu a rana ta wadatar.

Abin da ba ta yi

Nan ne zuciyata ta fi damuwa, 'yar uwa. Akwai wata baiwar Allah da muke zuwa makarantar Islamiyya tare, mai 'ya'ya shida, wadda likita ya ɗora a kan maganin hawan jini. Da kuɗin magani ya yi tsada, sai aka ba ta shawara ta riƙa haɗiyar tafarnuwa ƙwaya uku da sassafe, wai ya fi na asibiti. Ta ajiye ƙwayoyinta, ta yi watanni tana jin garau, domin hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo. Wata rana da asuba aka ɗauke ta ranga-ranga, ɓarin jikinta ɗaya ya shanye. Allah ya yi da sauran kwana, amma har yau da sanda take tafiya, kuma 'yarta ta fari ce ta bar makaranta take girki. Tafarnuwa ba ta yi mata laifi ba. An ɗora mata aikin da ya fi ƙarfinta ne. Idan kina da hawan jini ko ciwon suga, ki ci tafarnuwa a abinci, ki ci gaba da shan maganinki, ki riƙa zuwa awo. Idan kuɗi ne matsalar, ki gaya wa likita ƙarara, sau da yawa akwai mai sauƙin kuɗi da zai iya canza miki. Haka nan a 2020, lokacin annobar korona, sai da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ta bayyana cewa babu hujjar tafarnuwa tana kare mutum daga cutar.

Na biyu, ɗanyar tafarnuwa tana ƙuna kamar wuta. Kada ki ɗaura dakakkiyarta a fatar yaro don makero ko ƙurji ko zazzaɓi, kada ki sa a cibiyar jariri, kada ki cusa a kunnensa. Fatar yaro tana iya saluɓewa ta bar tabo. Haɗin nan na tafarnuwa da zuma da ake yi don tari ma, ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, domin zuma kanta tana da haɗari gare shi.

Na uku, magana ce tsakaninmu mata, kuma babu kunya a neman sani. Matsi da tafarnuwa don maganin sanyi ya yaɗu ƙwarai. Babu wata hujja da ta nuna yana warkarwa, alhali wurin ya fi ko'ina laushi a jiki, tana iya ƙona shi ta buɗe wa wata cutar ƙofa. Ƙaiƙayi da fitar ruwa suna da dalilai daban-daban, kowanne da maganinsa, wani ma sai an haɗa da maigida an yi wa duka biyun magani. Ki je a gwada ki, shi ne mafita.

Na huɗu, tafarnuwa tana rage saurin daskarewar jini. Wadda take shan maganin tsinka jini irin su wafarin ko asfirin, da wadda za a yi wa tiyata ko aka sa mata ranar fiɗa don haihuwa, ta guji cin ta da yawa ko shan ƙwayoyinta, ta kuma sanar da likita tun mako biyu kafin ranar. Tana kuma rage ƙarfin wasu magungunan cutar ƙanjamau. Mai gyambon ciki ko ƙwannafi kuwa, ɗanyarta a kan yunwa tana tayar mata da ciwo.

Na biyar, jiƙa ɗanyar tafarnuwa cikin mai a kwalba a ajiye a ɗaki. Akwai wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa da ke son wurin da babu iska, kuma cikin mai haka yake. Gubar da take fitarwa tana shanye jiki, ga shi ba ta canza wari ko launi balle ki gane. In za ki yi, ki yi kaɗan, ki sa a firij, ki cinye cikin kwana huɗu. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, gara ki busar da ita ki daka gari.

Wari da masallaci

Addininmu bai bar wannan batu ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci wanda ya ci tafarnuwa ko albasa ya nisanci masallaci, domin abin da ke cutar da mutane yana cutar da mala'iku. Amma ba haramun ba ce. Abu Ayyuba Al-Ansari (RA) ya tambaye shi ko haramun ce, ya amsa masa cewa a'a, warinta ne ba ya so. Sayyidina Umar (RA) kuma ya yi nasiha a huɗuba cewa mai son cin su ya kashe warinsu da dahuwa. To uwargida, tunda ke ce mai tukunya, wannan amana tana hannunki. Kada ki ba maigida da samarinki kwaɗo mai ɗanyar tafarnuwa ana dab da tafiya jam'i, balle ranar Juma'a. Haka ke ma in za ki tarawihi ko makaranta. Ki sani asuwaki kaɗai ba ya gama da warin, saboda wani ɓangarensa yana shiga jini ya riƙa fita ta numfashi da gumi har tsawon yini. Shan madara tare da abincin, ko cin tuffa, latas ko ganyen na'a-na'a a bayansa, yana rage shi sosai. Mai son ɗanya ta bari sai bayan isha'i, tare da abinci.

Yadda za ki shuka taki

Ni a bayan madafina nake shuka tawa, a tsofaffin robobin wanki guda uku da wani ɗan fangali da bai wuce taku biyu ba. Ba ta son wahala, amma tana son lokacinta.

Lokacin kuwa shi ne farkon sanyi, daga ƙarshen Oktoba zuwa cikin Nuwamba. Tafarnuwa tana buƙatar sanyin hunturu don ta yi ganye ta kuma raba ƙwayoyi, sannan zafin da ke biyo baya ya nunar da ita. In kika makara har Janairu, zafi zai riske ta tana ƙarama, sai ki tono 'yan mitsi-mitsi, wani ma guda ɗaya kamar albasa. Damina kuma ruwa yana ruɓar da ita.

Iri shi ne na biyu. Ki nemi ta gida, mai tauri, busasshiya, wadda ba ta da baƙi ko laushi. Manyan fararen nan na waje sun saba da yanayin da ba namu ba, sau da yawa ganye kawai suke yi. Ki ɓare dunƙulen ranar shuka ko ana gobe, ki bar wa kowace ƙwaya rigarta, ki zaɓi manyan na gefe ki shuka, ƙananan na tsakiya ki kai madafi. Babbar ƙwaya ita ke ba da babban dunƙule.

Ƙasa ta zama mai laushi wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Ki haɗa ƙasa mai kyau kashi biyu, yashi kashi ɗaya, da ruɓaɓɓen takin awaki ko na shanu kashi ɗaya. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, musamman kashin kaji. In roba ko bokiti ko yankakken buhu za ki yi amfani da shi, zurfinsa ya kai taƙi guda, wato santimita 20 ko fiye, ki huda gindinsa wuri huɗu ko biyar. Ki ajiye inda rana take samu aƙalla awa shida, ki kuma kare shi daga kaji da awaki. Kada ki maimaita ƙasar da aka cire albasa a cikinta kwanan nan, domin cutarsu ɗaya ce.

Wajen shuka, ki soka yatsa ki yi rami zurfin gaɓa biyu, kamar santimita 3 zuwa 5. Ki sa ƙwaya ɗaya a tsaye, tsininta yana kallon sama, gindinta ƙasa, ki rufe. Tsakanin ƙwaya da ƙwaya ki bar faɗin tafin hannu, kamar santimita 10, tsakanin layi da layi kuma taƙi guda. Da wannan lissafi, fangali mai mita ɗaya tsawo da faɗi zai ɗauki ƙwaya 50, babbar roba kuma shida zuwa takwas. Ki ba da ruwa, ki lulluɓe saman da ɓuntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa don laima ta daɗe. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za ki ga tsiro.

Saiwarta ba ta nisa, saboda haka tana son ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai. Ki taɓa ƙasar, in saman ya bushe ki ba ta, yawanci bayan kwana biyu ko uku, ta roba kuma ta fi saurin bushewa. Ruwan wanki mai sabulu ba nata ba ne. Ciyawa kuwa ki cire da hannu tun tana ƙarama, domin ganyen tafarnuwa siriri ne, ba ya iya kokawa da ita. Bayan kamar wata ɗaya ki ƙara ɗan taki a gefe, amma da zarar gindin ya fara kumbura ki daina. In kika ga ganyen yana yin fari-fari kamar an kankare, ƙananan ƙwarin nan ne da ke damun albasa. Ki jiƙa dakakken ganye ko 'ya'yan darbejiya su kwana, ki tace ki yayyafa da yamma. Kina iya tsinkar ganye ɗaya-ɗaya ki sa a miya kamar lawashi, amma kada ki yawaita, domin ganyen ne ke ciyar da dunƙulen.

Bayan wata huɗu zuwa biyar, wajen ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, ganyen ƙasa zai fara yin rawaya yana bushewa. Nan sai ki janye ruwa na kamar mako biyu. Idan kusan rabin ganyen ya bushe, ki tona ɗaya ki duba, in ƙwayoyin sun fito sarai sun cika rigarsu, to ta yi. Ki sassauta ƙasar ki ɗago a hankali, kada ki fizga. In kika bar ta ta wuce lokaci, dunƙulen zai tsage a ƙasa, ba zai yi ajiya ba. Kada ki wanke. Ki karkaɗe ƙasar, ki ɗaure su da ganyensu ki rataye a inuwa mai iska mako biyu zuwa uku, har wuyan ya bushe ƙayau. Daga nan ki kitse ganyen ki rataye a madafi, ko ki yanke ki zuba a kwando. Leda tana sa ta gumi ta ruɓe. Wadda ta bushe da kyau tana yin watanni. Kuma kafin ki fara ci, ki ware mafiya girma ki ajiye na irin baɗi.

Ki sa yara cikin aikin, ki ba kowa robarsa. Yaron da ya soka ƙwaya ɗaya da hannunsa, ya yi wata huɗu yana ban ruwa, ya tono dunƙule mai ƙwaya goma ko fiye, ya koyi haƙuri da sanin darajar abinci. Abin da ya yi saura kuma ki aika wa maƙwabta, ko ki busar ki daka ki haɗa yaji ki ƙulla, ki sami na sabulu da na littafin yara.

Saboda haka uwargida, in damina ta ɗauke ki nemi irinki tun da wuri, ki tanadi robobinki da takinki. Wadda kuma take da maganin da likita ya rubuta mata, don Allah ta duba ko ta sha na yau. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya albarkaci zuri'armu da abin da muke ci.